Zango, Tasha da Otal: Tarihin Saukar Baƙi a Garin Lafiya

Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, gari ne da ya tashi a bakin hanya, kuma yawancin abin da baƙo yake ci ko yake kallo a cikinsa yau hanya ce ta kawo shi. Cikin shekaru ɗari biyu da 'yan kai hanyar ta ɗauki kamanni huɗu. Da fari ta fatake ce da jakuna, sai ta jirgin ƙasa, sai ta mota, sannan ta ma'aikata da ɗalibai da 'yan siyasa, wadda ta buɗe da garin ya zama hedikwatar jiha a 1996. Kowace ta zo da irin baƙinta da masaukinsu, da abin da suke ci, da abin da yake ɗebe musu kewa idan dare ya yi. Sabuwa ba ta taɓa share tsohuwa kakaf ba. Shi ya sa wanda ya shigo Lafiya yana neman abubuwan da, galibi yakan tarar da su ana kan amfani da su a fada da kasuwa da tasha.

Kafuwar gari a kan hanyar gishiri

Tsohon sunan garin Lafiyar Barebari. A ƙarshen ƙarni na 18 wasu 'yan asalin Barno, bisa jagorancin Muhammadu Dunama, suka gangaro kudu har suka sauka a wurin wani tsohon ƙauye da ake kira Anane, kusa da Shabu. Ƙasar tana da mutanenta tun kafin su zo: Alago, da Koro masu kiran kansu Migili, da Gwandara, da Eggon a kan duwatsun arewa. Zuriyar waɗancan baƙi su ake ce wa Kambari a garin, kuma daga cikinsu gidajen sarauta biyu suka fito, na Ari da na Dalla. Da tafiya ta yi tafiya Barbarci ya ja baya, Hausa ta zama harshen fada da na kasuwa. Duk da haka sawun Barno bai goge ba. Sarautar Ciroma, wadda yau sunan wata mazaɓa ce a cikin gari, daga can ta samo asali.

Mazaunin garin ne ya ba shi daraja. Daga kudu maso gabas akwai garuruwan gishiri, Keana da Awe da Azara, inda ake dafa gishiri daga ruwan da yake tsattsafowa daga ƙasa. Daga kudu maso yamma, tafiyar kimanin kilomita 90, akwai Loko a bakin kogin Binuwai. Daga arewa kuwa akwai hanyoyin Bauchi da Zazzau da Kano. A farkon ƙarni na 19, zamanin Sarkin Bauchi Yakubu, Lafiya ta shiga ƙarƙashin Bauchi tana aika gaisuwa can, wannan kuma ya haɗa ta da kasuwannin Daular Usmaniyya. A zamanin Sarkin Lafiya Muhammadu Agwai, wanda ya yi sarauta daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, inda kamfanin Turawan Ingila yake sayen hauren giwa. Fatake suna saukowa da kanwa da tufafin Kano da dawakai, su koma da gishiri da tozali da kayan Turawa. A cikin hajar wancan zamani har da bayi, waɗanda akasari ake kamowa daga ƙabilun da ke kewaye, kuma wannan ɓangare na tarihi bai fita daga zukatan jikokinsu ba.

Zamanin zango

Masaukin baƙo na farko a irin waɗannan garuruwa shi ne zango. Fili ne a gefen gari, kusa da ruwa da ciyawa, inda ayari yake sauke kaya, a ɗaure jakai da takarkarai, a kafa bukkoki. Madugu ne yake shiga gari ya gai da sarki a madadin ayari, ya biya abin da aka saba biya. Sarkin zango kuma shi yake rarraba baƙi, ya raba gardama, ya san wanda ya shigo da wanda ya fita.

Attajirin falke ba ya kwana a bukka. Yana da fatoma, wato mai masaukin da ya saba sauka wurinsa duk shekara. Kalmar ita kanta ta Barebari ce, daga "fato", wato gida. Aikin fatoma ya wuce ba da ɗaki. Shi ne zai adana kayan baƙo, ya nemo dillali, ya tsaya a kan ciniki, ya lamunci mai saye idan bashi za a ba shi, ya yi tafinta idan ciniki ya haɗa Bahaushe da Alago. Ba a yanka kuɗin kwana. Ladansa yana fitowa daga la'adar ciniki da tsarabar da baƙo yake riƙo masa. Jarin wannan sana'a amana ce, kuma sau da yawa ɗa yakan gaji baƙin ubansa kamar yadda yake gadon gona. Karin maganar nan, baƙonka annabinka, a gidan fatoma tana da ma'ana biyu, ta lada da ta riba.

Abincin matafiyi iri biyu ne. Akwai guzurin da ba ya lalacewa a hanya, kamar kilishi da ƙuli-ƙuli da dakuwa da garin gumba. Akwai kuma na saukar zango, wanda matan gari suke dafawa a gida su ɗora wa yara talla: tuwon dawa da miyar kuka, fura, waina, ƙosai, ɗanwake. Falke daga Kano ko Katsina a nan yake fara haɗuwa da cimar kudu, domin ƙasar Lafiya ta doya ce da riɗi, ga manja da busasshen kifi suna haurowa daga bakin Binuwai.

Inda baƙi suka taru da kuɗi a lalita, masu nishaɗantarwa ba sa nisa. Maroƙa da masu kalangu suna bin ayari, 'yan kama suna ba da dariya da kwaikwayon malamai da wasa abinci, gardawa suna yawo da kura a ɗaure da sarƙa, masu wasa da maciji da 'yan tauri suna tara jama'a ranar kasuwa. Da dare kuma goge da garaya suna tashi a gidajen da ke gefen zango. Dukkansu matafiya ne su ma, suna bin rani daga gari zuwa gari, su koma gida idan damina ta kawo kai.

Fada da hawan salla

Babban kallon da garin yake da shi tun da, kuma har yau, na fada ne. A 1903 Turawan mulkin mallaka suka tabbatar da Musa a matsayin Sarkin Lafiya, suka sa masarautar cikin Lardin Nasarawa, daga baya a 1926 ta koma Lardin Binuwai. Mulkin En'e ya mai da ƙofar fada cibiyar komai. Nan ake shari'a, nan ake tara haraji, nan ake tarbar Razdan da Di'o, nan kuma ake kowane taro na gari.

Hawan salla a ƙasar Lafiya yana da wani nauyi da ba shi da shi a Katsina ko Daura. Kwarin Binuwai ƙasar ƙudan tsando ce, kuma sammore yana kashe dawakai. Doki a nan sai an sayo shi daga arewa, a kuma yi ta hidimarsa kafin ya daɗe. Saboda haka yawan dawakan da basarake ya fito da su ranar salla shaida ce ta ƙarfinsa. Tsarin hawan irin na sauran masarautun Arewa ne. Bayan an sauko daga idi sarki yakan hau, dogarai cikin ja da kore suna gaba, 'yan bindiga suna ta harbi sama, algaita da kakaki da ganguna suna biye, laima tana juyawa bisa kansa. Hakimai da masu sarauta suna tafe ƙungiya-ƙungiya, kowa da makaɗansa da yaransa cikin anko. A ƙofar fada ake jafi: mahaya su sako dawakai a guje, su ja linzami daf da inda sarki yake tsaye, ƙura ta turnuƙe, su ɗaga hannu a dunƙule suna cewa "Ranka ya daɗe!", fadawa su amsa da "Sarki ya gaishe ku!"

Sarki Isa Mustafa Agwai na ɗaya, wanda ya hau gado a 1974 ya rasu a watan Janairun 2019, ya yi kusan shekara 45 yana jagorantar wannan hawa. A zamaninsa Lafiya ta tashi daga hedikwatar ƙaramar hukuma ta zama ta jiha, kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ke garin yanzu sunansa take amsawa. Wanda ya gaje shi, Sidi Bage Muhammad na ɗaya, alƙalin Kotun Ƙoli ta Nijeriya ne kafin naɗinsa a 2019.

Zamanin jirgin ƙasa

Abin da ya karya fataucin ayari shi ne dogo. Layin gabas ya taso daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 domin kwasar kwal, ya kai Makurɗi a 1924, sannan ya ratsa ta Lafiya ya nufi Kafanchan, inda ya rabu biyu a 1927, reshe ɗaya zuwa Kaduna, ɗaya zuwa Jos mai kuza. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a jirgin fito ake ɗora taragai a haye Binuwai da su. Da gada ta samu, tafiyar da ayari yake yi cikin makonni ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. Gishirin Turawa mai araha ya cika kasuwa, hanyar Loko ta yi sanyi, ciniki ya koma bakin tasha, inda kamfanoni suke awon riɗi da sauran amfanin gona.

Dogo ya kawo sababbin baƙi. Akawuna da direbobin jirgi da masu gyaran layi da 'yan kasuwa, yawancinsu Ibo da Yarbawa, suka zauna kusa da tasha. Su suka kawo kantuna da teloli masu keke da masu ɗaukar hoto, suka kuma kawo cimarsu: garin rogo da teba, miyar agushi da manja, farfesu mai yaji. Gidan abincin da mutum zai shiga ya zauna a benci ya biya kuɗin kwano, a wannan zamani ya fara zama ruwan dare.

Isowar jirgi ita kanta kallo ce a kowace tasha ta wannan layi. Tun daga nesa ake jin kukansa, hayaƙin kwal ya bayyana bisa itatuwa. Kafin ya gama tsayawa 'yan talla sun yi masa ƙawanya da farantai a ka, ana miƙa dafaffiyar doya da gyaɗa da rake da lemo ta taga, ana cillo kwabo da sisi. Wasu sun zo tarbar 'yan'uwa, wasu karɓar wasiƙa, da yawa kuwa kallo kawai ya kawo su. Minti kaɗan, a busa usur, tasha ta watse sai wani jirgin.

Turawa da manyan ma'aikata suna da nasu masauki, wato bariki, gidan saukar baƙi na gwamnati da ake ginawa a wajen gari, da kuku da mai gadi. Daga wannan gida kalmar ta faɗaɗa har ta zama sunan rayuwar da ba ta cikin gari ba, aka sami zaman bariki da ɗan bariki. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun katse layin, suka kuma kori da yawa daga mazauna bakin tasha. Jirgi ya dawo bayan yaƙi, amma daga shekarun 1980 harkar ta yi ta lalacewa. An sha yunƙurin farfaɗo da layin gabas, sai dai bai koma yadda yake a da ba. Tsofaffin gine-ginen tasha da dogon da ya ratsa garin su ne abin da ya rage na wancan zamani.

Tashar mota da abincin kan hanya

Mota ce ta gaji jirgi. Lafiya tana kan babbar hanyar da ta haɗa Makurɗi da Akwanga, daga nan ta rabu zuwa Jos da Keffi da Abuja, wato ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da ke tsakanin arewa da kudu maso gabas. Manyan titunan garin ma sunan inda suka nufa suke amsawa: titin Jos, titin Makurɗi, titin Shendam, titin Doma. Daga 1967, da aka kafa Jihar Binuwai da Filato, har zuwa 1996, Jos ce hedikwatar mutanen Lafiya, don haka duk mai neman takarda ko aiki ko babban asibiti sai ya hau dutse zuwa can. Manyan motocin katako suna dakon doya da shanu, fijo 404 da 504, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, suna jigilar fasinja. Aikin da sarkin zango yake yi a da ya koma hannun shugabannin tasha da 'yan kamasho.

Abincin da baƙo ya fi sanin Lafiya da shi na wannan zamani ne, kuma ƙasar ce take ba da shi. Doya tana fitowa daga gonakin Tibi da Alago da Migili da Eggon, kasuwar Agyaragu da ke kan hanyar Makurɗi kuma ta yi suna wajen cinikinta. Saboda haka sakwara, wadda a Kano abincin marmari ce, a nan cimar yau da kullum ce, ana kirɓa ta a turmi a bayan buka, mai ci yana jin sautin taɓarya. Jihar tana cikin manyan masu noman riɗi da agushi a Nijeriya, su ne kuma suke kaurara miya, riɗin kuma a yi kantu da shi. Shinkafar fadamun Binuwai tana ba da tuwo da waina. Kasuwar shanu ta Shinge tana ciyar da mahauta, matan Fulani suna shigowa da nono da man shanu, lokacin bazara kuma mangwaro da yazawa su cika bakin titi.

Da magariba mai tsire yakan fito. Ya riga ya yanka nama fale-fale tun da rana, ya soke a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli da yaji. Yanzu sai ya kakkafa tsinkayen a kewayen tukuba, wuta tana tsakiya, yana juya su yana yayyafa mai. Mai saye ya tsaya, a yanko masa ɗanɗano a bakin wuƙa, a yi ciniki, a zare tsinke, a yayyanka bisa takarda da albasa da tumatir, a barbaɗa yaji a naɗe. Kusa da shi akwai teburin mai shayi: burodi a jere, gwangwanayen madara an gina su kamar hasumiya, tukunyar ruwan zafi bisa gawayi, benci uku a kewaye. Mai kuɗi ya ce a haɗa masa mai kauri, wanda aljihunsa ya yi sanyi ya sha ruwan bunu. Mai shayi ya shiƙa shi tsakanin kofi biyu, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba tare da ɗigo ya zuba ba. Daga shekarun 1990 Indomie da ƙwai suka shiga teburin. Direban da ya kwana a hanya a nan yake jin labarin gari, kamar yadda falke yake jinsa a zauren fatoma.

Majigi, rediyo da gidan kallo

Hoto mai motsi ya fara isa garuruwan larduna ta hanyar majigi. Motar ma'aikatar watsa labarai takan iso da rana, a yi shela, da dare a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Ana nuna finafinan tsabta da noma da ayyukan gwamnati, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika, a ƙarshe a sa na ban dariya. Kallon kyauta ne, yara a gaba a ƙasa, manya a baya. Gidajen sinima na kuɗi, irin Rex da aka buɗe a Kano a 1937, sun fi yawa a manyan birane, kuma ta cikinsu finafinan Indiya suka shiga zukatan 'yan Arewa.

Rediyo ya fi majigi nisan zango. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya sa masu sauraro a Lafiya suna jin waƙa ɗaya da na Sakkwato a lokaci ɗaya, suna kuma aika katin zaɓi-sonka don a gai da 'yan'uwa. Garmaho da faifai, daga baya rikoda da kaset, sun shigar da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos cikin shaguna da motocin haya. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma muryoyinsu suna cikin abin da aka fi sakawa idan ana son tuna da, yanzu daga cikin waya. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa na bidiyo suka haifar da gidajen kallo, rumfunan kwano da benci da janareto. Da tauraron ɗan'adam ya zo, waɗannan rumfuna suka koma nuna ƙwallon Ingila da Sifaniya.

Wasannin fili ba su mutu ba. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne na bayan girbi, ya zama sana'a mai gidaje da tikiti, kuma Jihar Nasarawa tana cikin wuraren da ake yinsa sosai, musamman a Mararraba da ke iyaka da Abuja. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, mai kalangu yana zuga shi da kirarin gidansu, wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan. Kokawa kuma wasa ce da kusan kowace ƙabila ta yankin take da irin tata.

Hedikwatar jiha da wuraren ziyara

Ranar 1 ga Oktoban 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Nasarawa daga Filato, ta sa hedikwata a Lafiya. Ma'aikata suka kwararo daga Jos, gidajen haya suka yi wuya, unguwanni irin su Bukan Sidi da Tudun Gwandara suka cika suka batse. Baƙon wannan zamani ɗan kwangila ne, ko mai halartar taro, ko ɗan siyasa, ko mai kawo ɗa makaranta, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011. Domin su aka gina otal-otal da ɗakunan taro da gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki a kan titin Jos da na Shendam. Ƙungiyar ƙwallo ta Nasarawa United, wadda aka kafa a 2003, tana wasa a filin wasa na garin, ta kuma kai wasan ƙarshe na gasar kofin ƙalubale ta ƙasa a 2016. Mai da hanyar Keffi zuwa Makurɗi tagwaye ya sa zuwa daga Abuja ya zama tafiyar 'yan sa'o'i.

Mai neman tarihi a cikin gari yakan fara da fada da babban masallaci da tsofaffin unguwannin da ke kewaye da su, sai tsohuwar kasuwa, sai tashar jirgi, sai gidan tarihi na hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Sauran wuraren sai an fita gari. A Doma, masarautar Andoma, akwai madatsar ruwa da bikin Odu na Alago. Ta arewa akwai duwatsun Eggon, inda mutanen suka zauna shekaru aru-aru don tsira daga mahara, kafin su sauko bakin hanya a ƙarni na 20. Can gaba a ƙaramar hukumar Wamba akwai Farin Ruwa, inda ruwa yake faɗowa daga tsaunin da ake ƙiyasta tsawonsa da mita 150, kuma ya fi cika da damina. A Awe akwai tafkin Hunki da ruwan ɗumi na Akiri.

Wurin da ya fi kusa da asalin arzikin Lafiya shi ne Keana, masarautar Osana, wadda ake bi ta Obi a je. Har yanzu mata ne suke yin gishiri a can, kuma da rani. Sukan ɗebo ruwan gishiri su yayyafa bisa ƙasar da aka share, rana ta busar da ita, su kankare, su zuba cikin tukwane masu huda a gindi, su ƙara ruwa. Abin da ya tsiyaye shi ake dafawa bisa itace har ruwa ya ƙone ya bar farin gishiri. Bikin Oyarore, wanda Alagon Keana suke yi, na wannan sana'a ne. Gishirin kanti ya ƙwace kasuwa tuntuni, amma masu sayen na Keana saboda ɗanɗanonsa da kuma magani ba su ƙare ba.

Kewar da

Hausawa suna cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, sai dai a 'yan shekarun nan tuna baya ya zama abin ado har da na ciniki. A garuruwan da ake jin Hausa an sami ranar ƙauyawa cikin shagulgulan biki, inda 'yan mata da samarin birni suke sa saƙi da hular kaba, a ci dambu da ɗanwake a ƙwarya da akushi, a kira masu kalangu maimakon mai kayan sauti. Makarantu suna ware ranar al'adu, kowace ƙabila ta fito da shigarta da rawarta, abin da a gari mai Kambari da Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Tibi da Fulani yakan ɗauki yini guda. Gidajen abinci na zamani sun sa tuwo da waina da fura cikin jerin abincinsu, masu ɗaukar hoto kuma suna ajiye fitilar ƙwai da tsohuwar rediyo don masu son hoton da.

A Lafiya abubuwan da suka rage daga zamanin da sun kasu biyu. Waɗanda har yanzu wani yake cin abinci da su, ko wata hukuma ta gargajiya take riƙe da su, suna nan da ransu: hawan salla, tukubar tsire, teburin shayi, turmin sakwara, tukwanen Keana. Waɗanda aikinsu ya ƙare kuwa suna ɓacewa. Zango ya zama unguwa, sunan fatoma ya fita daga bakin matasa, gidajen ƙasa masu zaure suna komawa bulo da kwano, ciyawa tana cin dogo. Lokacin ganin kowanne ma daban ne: hawa sai da ƙaramar salla da babba, gishirin Keana da dambe da rani, Farin Ruwa da damina, sabuwar doya kuma daga wajen watan Agusta.